Dokin da Ya Bi Fijo

Shekarar da kuɗin man fetur suka fara malalowa har ƙauye, Ƙanƙara ta ga abubuwa iri-iri. Ta ga mutumin da ya sayi firij alhali babu lantarki a unguwarsu, ya mai da shi akwatin ajiye riguna. Ta ga wanda ya ɗaura agogo biyu a hannu ɗaya. Amma duk wanda ya rayu a lokacin, in ka ce ya faɗi abu guda da bai manta ba, Alhaji Zailani da dokinsa zai kawo maka. Ni kuwa na fi kowa cancantar ba da labarin, don shagona na ɗinki yana kallon ƙofar gidansa, kuma ban taɓa rufe taga ba.

Zailani kananzir yake sayarwa a kasuwa, da kwalba da mazurari, har ranar da wani ɗan uwan matarsa ya samo masa kwangilar kwalbatoci a hanyar Sabuwa. Cikin wata bakwai ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya sayi Fijo fara sabuwa dal, ya ɗauki direba, wani dattijo mai suna Almu da ya gaji da tuƙa babbar mota. Daga nan ƙafar Zailani ta daina taɓa ƙasa. Masallacin da ke bayan gidansa ma a mota yake zuwa, a zagaya da shi ta bakin kasuwa don kowa ya gani. Baki kuwa da ma yana da shi tun yana talaka, kuɗin lasifika kawai suka ƙara masa.

To, kowace shekara in an gama kaka, masu dawaki na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sukan haɗu a wani fili a bayan garin Faskari a yi sukuwa. Mai doki ba ya hawa da kansa. Yakan nemi mahayi ya miƙa masa linzami a gaban shaidu, kuma daga ranar har a gama sukuwa doki ya zama na mahayi. Shi zai ciyar, shi zai horar, mai doki sai ido da addu'a. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta raha: wanda dokinsa ya zo na ƙarshe shi zai kama ragamar dokin da ya ci, mai shi yana kai, ya ja shi a gaban jama'a. Taku goma ake yi, a yi dariya, a yafe.

Shekara huɗu a jere Bidi ne ke ci, dokin Baba Mani na Mairuwa. Baba Mani manomi ne, rigunansa ba su wuce biyu ba, ba ya kuma ɗaga murya. Wannan abu ya tsaya wa Zailani a maƙogwaro. A ce ana zancen dawaki a rumfar kasuwa, a ambaci mai riga biyu a tsallake mai Fijo? Ranar wata kasuwa da Baba Mani ya kawo dawa Ƙanƙara, Zailani ya sa aka tsayar da mota a bakin rumfar masu dawaki, ya sauke gilashi.

"Baba, bana ka huta," in ji shi. "Na sawo doki daga Zamfara, sunanshi Roka. In ya tashi, wutsiyarshi kaɗai Bidinka zai gani."

"Allah shi sa albarka, Alhaji."

"Kuma wagga al'ada taku ta taku goma, ai wasan yara ce. In za a ja doki a ja shi har gidan mai shi. A ƙasa, rana tsaka, kowa na kallo."

Baba Mani ya ɓare goro. "Alhaji, daga Faskari zuwa Mairuwa da nisa fa."

"Ƙanƙara ta fi nisa, Baba, kuma kai za ka taka."

Mutum goma sha ɗaya ne a rumfar. Aka maimaita sharaɗin sau biyu don kada wani ya ce bai ji ba, aka shafa fatiha.

Da labari ya shiga gida, matarsa Hajiya Barakatu ta ajiye muciya ta dube shi. Ita ce mutum ɗaya a Ƙanƙara da haƙorin zinariya bai rufe wa baki ba.

"Alhaji, kai da ko jaki ba ka taɓa mallaka ba?"

"Jirgin sama ma ban taɓa mallaka ba, amma ai na hau shi har Makka."

"Ka hau dai. Ba ka ce ma direbanshi ga yadda zai tuƙa ba."

"Don bai tambaye ni ba ne."

Gaskiya ɗaya zan faɗa don Allah: Roka doki ne na gaske. Akawal ne, baƙi wuluk, ƙirji faffaɗa, ƙafafu kamar an zana. Mahayin da aka samo masa ma ba na wasa ba ne. Gide sunansa, mutumin Sabuwa, siriri kamar sillen kara, ya ba arba'in baya, magana kuma sai ta kama dole. Ya duba haƙoran dokin, ya ɗaga kofatansa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa wuyansa, sannan ya juyo.

"Alhaji, dokinka doki ne. In ka bar mani shi kwana talatin, ka kau da kai, za ka ji daɗi."

Zailani ya yi jawabi na kusan rabin awa kan yadda shi mutum ne mai ba kowa haƙƙinsa, sannan ya miƙa linzami a gaban shaidu. Kau da kan nasa ya kai har washegari da hantsi.

Ya fito ya iske Gide yana zuba wa Roka harawa da dawa, ga kanwa a jiƙe cikin ƙwarya.

"Mine ne wannan?"

"Abincin doki, Alhaji."

"Abincin dokin talaka dai. Dokin ɗan kwangila shi ci abin da akuyar Barakatu ke ci?"

Kafin azahar an sauke katan na madarar gwangwani da buhun sukari da burodi goma. Alhaji da kansa ya naɗe hannun riga ya haɗa su a daro, yana juyawa da ludayi.

"Cikinshi ba zai ɗauka ba," in ji Gide.

"Nawa ya ɗauka, ni da na tashi da tuwon dawa. Nashi na zinariya ne?"

Roka ya shanye tas, har yana lasar daro. Washegari Alhaji ya tara maƙwabta su zo su ga yadda fatar doki ke sheƙi in ya ci abincin zamani. Ya sa sabuwar shadda ruwan ƙwai, ya zagaya bayan dokin yana bubbuga cinyarsa yana bayani. Ni na ga Gide ya ja da baya taku uku, na bi sahunsa. Roka ya ɗaga wutsiya. Abin da ya biyo baya ya wanke Alhaji daga ƙirji har takalmi, ya kuma sami liman a gefen riga.

Wani mahauci da ke bayanmu ya toshe hanci ya ce, "Lallai roka ce, ta baya take tashi."

Kwana uku unguwar ba ta shaƙi iskar kirki ba. Hajiya Barakatu ta ƙi wanke shaddar, ta ce wanda ya dama shi zai wanke. Alhaji kuwa ya bi gari yana cewa dattin Zamfara ne ya fita daga cikin dokin, da ma haka ya shirya.

Aka koma harawa. Na ɗauka ya daddara, ashe hutawa ya yi. Kullum bayan sallar asuba Gide yakan fita da Roka zuwa rafi, ya kora shi cikin yashi don ƙafa ta yi ƙwari, su dawo kafin rana ta yi zafi. Ranar ta tara Alhaji ya tare su a ƙofar gida.

"Gudu nawa yake yi?"

"Yana gudu, Alhaji."

"Nawa? Mil nawa a awa?"

"Ban auna ba."

"To ka gani! Aikin duhun kai ke nan. Ga mota nan da allurar auna gudu, kuna fama da yashi kamar masu neman ruwa."

Ga dabarar da ya ɓullo da ita. A buɗe but ɗin Fijo a sa daro cike da gero da dusa. Almu ya danna hon, ya ja mota. Doki ya biyo abinci a guje, Alhaji yana zaune a baya yana leƙen allura. In an tsaya, sai doki ya ci ladansa. Gide ya ce ba a yi wa doki haka. Alhaji ya ce da ma ba a yi, shi ya sa dawakin ƙasar nan ba su ci gaba ba. Almu ya ɗauko makullin mota kawai, don shekara talatin yana tuƙi, ya san mai mota ba ya kuskure.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Cikin kwana huɗu Roka ya gane karatun. Da ya ji hon sai kunnuwa su miƙe, ya zabura, ko Gide ya so ko bai so ba. Mutanen ƙauyukan hanyar Sabuwa suka riƙa fitowa bakin hanya suna kallon farar mota da baki a buɗe, baƙin doki na bin ta, ga wani Alhaji ya zuro kai ta taga yana ihu, "Talatin! Talatin da biyu!" Wata tsohuwa ta tambayi Almu ko dokin ne ke korar su, ta ce in suna so akwai mai rubutu a garinsu.

Ranar ta biyar allura ta haura inda ba ta taɓa kaiwa ba. Alhaji yana dukan kujera yana cewa a ƙara wuta, sai ga kwalbati a gabansu ya rufta, rami ya buɗe baki a tsakiyar hanya. Ɗaya daga cikin nasa ne, wata uku da gamawa. Almu ya taka birki da ƙafa biyu. Roka ya ja tunga a bayan mota cak, Gide kuwa bai tsaya ba. Ya wuce ta saman kan doki ya faɗa cikin but, kai a daron dusa, murfi ya biyo shi ya rufe ƙaram.

Da aka buɗe, ya fito fari fat kamar an tono shi daga rumbu. Bai yi faɗa ba. Ya karkaɗe jikinsa, ya kwance linzami daga kan Roka, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

"Ga amanarka. Ka ba ni doki gaban shaidu, ka amshe shi bayan idonsu. Yanzu ba ni yake saurare ba, ba kai ba, mota yake saurare."

"Tafi can! Da ma yunwa ta cinye ka, ko inuwar kirki ba ka da ita. Dokin babban mutum babban mahayi yake so."

Gide ya kama hanyar Sabuwa a ƙasa. Bayan mako guda muka ji cewa mahayin Baba Mani ya faɗo daga kan rumbu ya gurɗe ƙafa, kuma Baba Mani ya aika an kira Gide ya miƙa masa linzamin Bidi. An ce tun da ya miƙa ya koma sussukar dawarsa, ko sau ɗaya bai leƙa turken dokin ba.

Alhaji ya aika Faskari, ya aika Ruwan Godiya, babu mahayin da ya yarda. Labarin but ya riga manzonsa isa ko'ina. Ana saura kwana goma sai ga Rabo ya kawo kansa. Rabo ɗan kamasho ne a tasha, ƙato ne na ƙin ƙarawa, in ya shiga motar haya sai a rage fasinja ɗaya. A baki kuwa shi kaɗai ne a garin zai iya karawa da Alhaji. Suka zauna a zaure, ni ina jiyo su daga shago.

"Alhaji, ni da kake gani na hau doki a Damagaram har sai da aka roƙe ni in sauka."

"Na yarda," in ji Hajiya Barakatu daga bayan ƙofa. "Dokin ne ya roƙa."

"Ke, ana maganar maza!" Alhaji ya juyo ga Rabo. "Ka iya riƙe linzami?"

"Da haƙori ma."

"To ba sai ka yi komai ba. Na riga na gama aikin, kai dai ka zauna bisa."

Ranar Alhaji ya kawo mini shadda yadi goma sha biyu, kore shar, ya ce in ɗinka wa Rabo babbar riga da aiki har ciki, don duk wanda ya hango mahayin ya san na wane ne. Na ce masa mahaya 'yar shara suke sawa saboda iska. Ya ce mahayan matsiyata ke nan. Na ɗinka, Allah Ya yafe mini, har na ƙara mata aljihu.

Ranar sukuwa Ƙanƙara ta kwashe kaf ta tafi Faskari, wasu a akori-kura, wasu a kan keke. Filin gona ce da aka girbe aka share, dogo sosai, an ɗaura igiya tsakanin sanduna biyu a can ƙarshe. Duk mai abin hawa ya bar shi a gindin kuka bakin hanya, nesa da dawaki. Fijo kaɗai ta kutsa cikin jama'a tana tafe tana rangaji, ta tsaya a gefen fili daidai tsakiya. Dattijon da ke alƙalancin sukuwar ya zo da sandarsa.

"Alhaji, a mai da ita baya. Dawaki ba su son mota."

"Nawa yana so."

"Sauran fa?"

"Su koya. Zamani ya zo."

Dawaki tara suka jeru. Ga Gide a kan Bidi da 'yar shararsa, ya lafe kamar ƙadangare a bango. Ga Rabo a kan Roka, kore shar, ya cika sirdi ya zubo ta gefe. A can ƙarshen layi kuma ga wani tsohon doki daga Ruwan Godiya, mai shi ya kawo shi ne kawai don kada a ce garinsu bai zo ba. Baba Mani yana zaune a kan buzunsa a inuwa yana jan carbi.

Aka buga ganga, suka zabura.

Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Da nauyin Rabo da yadi goma sha biyu da komai, Roka ya fice daga cikinsu kamar an harbo shi. Yashin Gide na kwana tara bai tafi a banza ba. Iska ta shiga rigar ta kumbura ta, ta ɗago ta rufe kan Rabo ruf, amma dokin bai kula ba. Bidi yana baya da tsawon doki uku. Mu 'yan Ƙanƙara muka haukace da ihu. Ni kaina na jefa hulata sama, na ji a raina cewa wannan mutum da duk shirmensa zai fitar da mu kunya.

Alhaji yana tsaye a jikin mota yana tsalle. Ihu bai ishe shi ba, tafi bai ishe shi ba. Ya ga kowa yana da murya irin tasa, shi kuwa yana da abin da babu mai shi a filin. Ya zura hannu ta taga.

"Alhaji, kada ka..." in ji Almu.

Ya danna hon. Ya sake dannawa. Ya kwanta a kai.

Kunnuwan Roka suka miƙe. Ana tsakiyar gudu ya karya kwana kamar an ja shi da igiya, ya bar fili ya nufo mota gadan-gadan. Masu fura suka watse, ƙwarya ta tashi sama. Ya zo ya tsaya a bayan Fijo, ya ɗora hanci a kan but yana huci yana jiran lada. Rabo ya rungume wuyansa, kai a cikin riga, yana tambaya daga ciki.

"Mun ci? Alhaji, mun ci?"

Dawaki shida suka wuce kamar iska. Alhaji ya yi tsuru-tsuru, sai kuma wata dabarar ta faɗo masa. Ya faɗa mota ya ja ƙofa.

"Almu, ja! Ja zuwa igiya!"

"Cikin fili, Alhaji?"

"Na ce ka ja!"

Fijo ta faɗa filin sukuwa tana tsalle a kan tsofaffin kunyoyi, hon na tashi, Roka na biye, Rabo na salati. Alƙali ya yar da sanda ya yi ta kansa. Suka wuce doki ɗaya da ya firgita ya tsaya yana harbin iska. Igiya ta matso, har muna iya ganin Gide a can ya riga ya tsallake ya sauka yana shafa wuyan Bidi. Saura taku ashirin tayoyin baya suka faɗa wani yashi mai laushi. Almu ya ba ta wuta, ta yi gurnani, ta watsa wa Rabo yashi, ta ƙara nutsewa har ciki. Roka ya tsaya a bayanta cikin ladabi.

Alhaji ya fito ya ja linzami, doki ya ƙi. Ya tura ta baya, sai ya tuna shaddarsa ta ruwan ƙwai ya dawo gaba da sauri. Dokin da ya firgita ya dawo hayyacinsa ya wuce su. Can sai ga tsohon dokin Ruwan Godiya yana tafe yana sassarfa, mahayinsa har ya sassauta ya ce, "Sannunku da aiki, Alhaji," sannan ya tsallake igiya.

Dariyar da aka yi ranar, wasu sai da suka zauna a ƙasa. Baba Mani ya naɗe buzunsa ya tako a hankali. Mutumin kirki ne, ya ga abin ya isa haka.

"Alhaji, mu koma bisa tsohuwar al'ada. Taku goma, a yafe."

Da Zailani ya yi shiru a nan, da ya kwana da sauran mutuncinsa. Amma ya dubi taron, ya ga 'yan Sabuwa suna share hawaye, ya gyara hula.

"A yafe mi? Wa ya ce dokina ya zo na ƙarshe? Dokina bai zo ba tukuna! Wanda bai zo ba ai ba a ce mashi na ƙarshe. Ba na son yafiyar kowa."

Alƙali ya tsinci sandarsa, ya ja dattawa gefe suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo fuskarsa babu alamar wasa.

"Maganar Alhaji gaskiya ce. Ba a yanke hukunci sai doki ya iso. Jama'a, ku taimaka ma Alhaji dokinshi shi iso."

Ban taɓa ganin aikin gayya da aka yi da zuciya ɗaya irin wannan ba. Mutum ya fi hamsin suka yi wa Fijo zobe. Alhaji ya gane inda aka dosa, ya faɗa ciki ya kulle ƙofa.

"Ku bari! Almu, taka birki!"

"Na taka, Alhaji. Birki ba ya ci in tayoyi na sama."

Suka ɗaga ta cak, da shi da direbansa, suna tafe suna kabbara. Roka ya biyo but a nutse, taku ɗaya bayan ɗaya, har ya tsallake igiya. Alƙali ya ɗaga sanda ya sanar da cewa dokin Alhaji Zailani na Ƙanƙara ya iso lafiya, shi ne na tara cikin tara.

Alhaji ya fito gumi na zuba. Ya matsa kusa da Baba Mani ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Baba, maganar taku goman nan..."

"Ai ka ƙi ta gaban jama'a, Alhaji. Ni kau ba zan so a ce na raina maganar babban mutum ba."

"To in riƙe ragamar ta tagar mota."

"A ƙasa ka ce," in ji mutum goma sha ɗayan nan na rumfa a tare.

Da ma motar tana da nata aikin. Babu yadda za a mai da Roka gida sai a bayanta, don haka Almu ya ja ta a hankali suka kama hanyar Ƙanƙara, Rabo ya baje a kujerar Alhaji yana ɗaga wa mutane hannu. Baba Mani ya hau Bidi, Gide ya miƙa wa Zailani ragama da hannu biyu.

Na bi su a kan keke, ni da wasu da yawa, don irin wannan ba a barin ta sai an ga ƙarshe. Kafin a fita Faskari takalmin Alhaji sau-ciki ya fara cizonsa. A ƙauye na farko ya cire ya rataya a wuya. A na biyu ya tuɓe babbar riga ya ɗora a ka. Duk inda aka ratsa, mutane sun bar sussuka sun fito. Ƙafar da ta shekara ba ta san ƙasa ba ta gaisa da kowace ƙaya da ke tsakanin Faskari da Mairuwa. Tun ina dariya har na fara jin tausayinsa, don tafiyar awa huɗu bai buɗe baki ba.

La'asar sakaliya muka shiga Mairuwa, mata na guɗa. A ƙofar gida matar Baba Mani, Inna Saudatu, ta fito da ruwa. Idonta ya yi rauni, ta ga mutum da singileti da takalmi a wuya yana riƙe da ragama, sai ta miƙa masa ƙwaryar.

"Sha, bawan Allah. Malam, sabon bara ka ɗauka? Wanga ai ya cika ƙiba, zai iya yankan ciyawa kau?"

Alhaji ya kafa kai ya shanye ruwan tas. Ya sauke numfashi. Ya dubi jama'ar da ta cika ƙofar gidan, na ga ƙirjinsa ya fara tasowa a hankali, haƙorin zinariya ya leƙo.

"Ku faɗi tsakaninku da Allah," in ji shi, murya ta dawo. "Tun da ake jan doki a ƙasar nan, an taɓa jan shi da kyau kamar yau? Daga Faskari har nan ko tuntuɓe bai yi ba. Wannan sai wanda ya san doki!"

Baba Mani ya sauko a hankali, ya karɓi ragamar, ya dafa kafaɗarsa.

"Wallahi gaskiya ka faɗa, Alhaji. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin ta yau ba. Don Allah baɗi ka sake kawo Roka, ka kuma horar da shi da kanka. Ni dai ba ni da wani majayi in ba kai ba."